Baƙin tabo a ƙafafun shanshanina da wasu ƙananan halittu a wuyansa: ina mafita?

Ɗan Naraguta ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune a Jos, kuma shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan ina kiwon wani babban shanshani da na tsinta a ƙarƙashin dutse a wata gona da ke bayan gari. Tsawonsa ya kai kusan santimita 13, ƙafafunsa kuma suna da ɗan shuɗi-shuɗi. Mutanen gidanmu sun daɗe suna yi mini kallon wanda ya rasa abin kiwo, amma ba wannan ne ya kawo ni ba.

Ina ajiye shi a cikin akwatin roba mai murfi, na huda ƙananan ramuka shida a murfin kawai. Na shimfiɗa masa baƙar ƙasa daga lambu haɗe da ruɓaɓɓen ganye, na sa masa ɓawon itace da yake shiga ƙarƙashinsa, da marfin kwalba na ruwan sha. Saboda na karanta cewa bushewa ce ke saurin kashe shanshani, kullum da yamma nakan fesa wa ƙasar ruwa, kuma ban daina ba ko da damina ta kankama. Abincinsa gyare ne da tsutsar da nake kiwo a cikin dusa. Tun da muka shiga watan Yuli bangon akwatin yake gumi daga ciki, har ruwa na gangarowa.

Mako biyu da suka wuce na lura bakin ƙafafunsa biyu na wajen baya ya yi baƙi ƙirin kamar an ƙona da wuta, haka ma ƙarshen ɗaya daga cikin ƙahonninsa biyu na kai, kuma yanzu ɗaya ƙafar ta gajarce, alamar ɓangaren da ya yi baƙin ya gutsure. Bayan haka sai na ga wasu abubuwa ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba, launinsu ƙasa-ƙasa, sun taru a bayan kansa da gefen jikinsa inda gaɓa ke haɗuwa da gaɓa, ba sa motsi ko kaɗan. Akwai kuma wasu farare da ke tafiya a hankali a kan ragowar gyare da bakin marfin ruwa. Yau kwanansa goma bai ci komai ba.

Wani maƙwabcina mai kiwon shanu ya ce in sirka maganin kaska da ruwa sosai in fesa masa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin baƙin tabon da waɗannan halittu cuta ɗaya ce? Jininsa suke sha? Kuma idan danshi ne ya jawo, yaya zan busar da wurin ba tare da na kashe shi da hannuna ba?

Malamar Ilimin Halittu, Bukuru:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ina roƙonka kada ka bari maganin kaskar nan ya kusanci akwatin, ko da an sirka shi da ruwan randa guda. Magungunan da ake wanke shanu da su an yi su ne domin su lalata jijiyoyin halittu masu gaɓa-gaɓa da ɓawo a bayan jiki, shanshani kuwa yana cikin wannan babbar zuriya kamar yadda kaska take ciki, saboda haka abin da aka fesa don na bisa zai tafi da na ƙasa. Haka zancen yake game da fiya-fiya da maganin sauro, na fesawa ko na hayaƙi: kada a yi amfani da su a ɗakin da akwatin yake.

Matsala biyu ce ta haɗu maka, ko da yake tushensu ɗaya, wato danshin da iska ba ta ratsawa tare da ragowar abinci. Zan taɓa ta ƙananan halittun, domin nan na fi ƙarfi.

Waɗannan ba ƙwari ba ne irin su ƙuda ko kyankyaso. Dangin kaska da gizo-gizo ne, manyansu suna da ƙafa takwas, waɗanda suka fito daga ƙwai kuma shida, kuma ƙwayar da ke haddasa ƙazuwa a fatar mutum 'yar'uwarsu ce. Bari in kira su 'yan kaska don sauƙin magana. Fararen da ka gani suna jan jiki a kan mushen gyare abincinsu fumfuna ne da dusa da duk abin da ke ruɓewa, kuma idan suka sami ɗumi da danshi, cikin mako biyu ko ƙasa da haka wanda ya fito daga ƙwai ya isa yin nasa ƙwan. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne, idan suka yi yawa ko abinci ya ƙare, wasu ire-irensu sukan rikiɗe zuwa wata siffa ta musamman a tsakiyar girmansu: jiki ya baje ya yi tauri, baki ya shafe ba ya aiki, sai wasu 'yan faifai masu manne wa abu su fito a ƙarƙashin bayansu. Da waɗannan faifan suke liƙe wa duk wata halitta da ta gifta, ta ɗauke su zuwa inda abinci yake. Bisa yadda ka siffanta, masu launin ƙasa-ƙasan da ba sa motsi su ne waɗannan. 'Yan haye ne, ba sa shan ruwan jikinsa, domin ba su ma da bakin sha.

Wannan ba ya nufin a yi sake da su. Shanshani ba da baki yake numfashi ba, da wasu ƙofofi ne da ke jere a gefen jikinsa, kuma idan 'yan hayen suka yi cincirindo a bakin ƙofofin nan, ko a gindin ƙafafun dafinsa da kewayen bakinsa, sai numfashi da cin abinci su yi masa wuya, saɓa ma ta zo da matsala. Goma ko ashirin a bayan kai ba abin tashin hankali ba ne, amma idan suka yi kamar an barbaɗa masa gari, to lamarin ya girma. Ka nemi irin gilashin da masu gyaran agogo ke sa wa a ido ka duba ƙofofin. Tun da za ka duba, ka ƙirga gaɓoɓin masu ƙafa: idan 21 ne, kuma ka ga ƙofar numfashi mai faɗi a gaɓa ta 7 da ta 8 a jere, to da alama naka ɗan gidan shanshanin da masana ke kira Ethmostigmus ne, wanda ya dace da shuɗin ƙafar da ka faɗa, domin 'yan gidan Scolopendra, wani gidan shanshanin daban, ba su da ƙofa a gaɓa ta 7.

Idan kuma ka ga wasu masu dogayen ƙafafu suna gudu da sauri a kan ƙasa, ka ƙyale su, mafarauta ne da ke cin sauran. A Turai da Amurka har sayar da irinsu ake yi, mai suna Stratiolaelaps scimitus, ana zubawa a lambunan rumfa da akwatunan kiwo.

Mai Duwu, Kubwa:

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ni a nan Abuja kunamu nake kiwo, duwu biyu da 'yan jajaye huɗu, kuma na taɓa shan irin wannan. Duwu, wato baƙar kunamar nan ta Afirka ta Yamma da masana ke kira Pandinus imperator, wadda tun 1995 aka sa fataucinta zuwa ƙetare a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, saboda yawan kwasarta, ita tana son danshi. Kuskurena shi ne na ɗauka jajayen ma haka suke, na jiƙa musu ƙasa daidai da nata. Ba a yi wata biyu ba ɗaya ta fito da baƙin tabo a gwiwoyin ƙafafu, daga nan ya gangara zuwa ƙasan ciki inda ƙofofin huhunta takwas suke, kuma ba ta tashi ba. Sauran ukun na kwashe su zuwa busasshen yashi, har yau suna nan.

Don haka shawarata a taƙaice ita ce ka zubar da ƙasar nan gaba ɗaya, ka wanke akwatin da tafasasshen ruwa, ka mayar da shi wani akwati mai busasshiyar takarda, ka ɗauke ruwan ma na tsawon mako biyu. 'Yan kaskan dusa ba su da juriyar bushewa, idan danshin iska ya yi ƙasa da kashi 60 cikin ɗari ba sa iya hayayyafa, mutuwa suke yi, fumfuna ma ba ta yaɗuwa a busasshen wuri. Waɗanda suka liƙe a jiki kuma ni da ɗan burushin zane mai laushi nake goge su, bayan na riƙe kunamar da dogon hantsaki.

Sai dai in ƙara da cewa ba kowane ɗan kaska ne abokin gaba ba. Babbar ƙadandoniyar Afirka takan zo da nata da ke yawo a tsakanin ƙafafunta suna tsince datti, haka nan kyankyason Madagaska mai huci yana da nasa, waɗanda ke cinye ragowar abincin da fumfuna za ta tsiro a kai. Wanda ya goge waɗannan bai taimaki dabbarsa ba. Masu shan ruwan jiki na gaske su ne irin su Varroa da ke halaka ƙudan zuma, ko waɗanda ke addabar macizan kiwo.

Tsohon Malamin Gona, Farin Gada:

Yarona, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka fesa. Ban taɓa kiwon shanshani ba, amma na yi shekaru ina hulɗa da fumfunar da ke kashe ƙwari, domin a aikin gona mu nemanta muke yi, ku kuma gudunta kuke yi.

Sanin cewa fumfuna na iya kashe ƙwaro ba sabo ba ne. A 1835 wani ɗan Italiya, Agostino Bassi, ya nuna cewa cutar da ke ƙarar da tsutsar siliki wata fumfuna ce da ke tashi daga tsutsa zuwa tsutsa, shekaru da dama kafin aikin masanin kimiyyar nan ɗan Faransa, Pasteur, ya tabbatar wa duniya cewa ƙananan halittu na kawo cuta, shi ya sa aka laƙaba mata sunansa, Beauveria bassiana. 'Yar'uwarta koriya, Metarhizium, ita ce aka sarrafa ta zama maganin fara da aka gwada a Nijar a shekarun 1990, da hannun cibiyar binciken aikin gona ta IITA reshen Kwatano. Irin waɗannan fumfuna suna zaune a cikin ƙasar lambu da ta gona, kuma ba sai ƙwaro ya haɗiye su ba. Ƙwayar irin takan sauka a kan ɓawon jiki, idan ta sami danshi sai ta tsiro, ta narka ɓawon ta huda shi, ta shiga ruwan jiki ta yaɗu. Bayan ƙwaron ya mutu ne take fitowa waje kamar farin gari ko kore. Ka ga ke nan da ka ɗebo baƙar ƙasa daga lambu, ka rufe ta a roba, ka riƙa ba ta ruwa kullum a watan Yuli da Agusta na Jos, lokacin da wanki ma sai ya kwana biyu bai bushe ba, gona ka nome mata.

Game da baƙin tabon, ka sani ba launin fumfunar ba ne kake gani. Jikin shanshanin ne yake tara wani baƙin sinadari a inda aka huda shi, domin ya killace abin da ya shigo, kuma haka yake yi ko rauni ya ji ko ƙwayar bakteriya ce ta shige shi. Abin da ke bambanta su shi ne tafiya: tabon rauni yana tsayawa inda yake, na cuta kuwa yana hawa daga bakin ƙafa zuwa gindinta, yana kuma bayyana a wasu ƙafafun. Ka ɗauki hoto da wayarka duk bayan kwana uku daga gefe ɗaya, za ka ga ko yana ci gaba. Muddin yana kan ƙafa da ƙaho akwai sauƙi, idan ya hau gangar jiki ko bakin ƙofar numfashi ne ake fargaba. Kada kuma ka shafa masa man makero na kanti, maiƙonsa kaɗai ya isa ya toshe masa numfashi.

Sannan ka koma kan dusarka, domin ruwa ba ya tsami banza. A rumbu mun san 'yan kaskan nan sarai: idan dusa ta ja danshi sai ka ga wata ƙura mai launin ƙasa a bakin buhu, ka share ta ka dawo ka tarar ta sake bazuwa, idan ka murza ta kuma ka ji wani wari mai kama da na na'a-na'a. Duk tsutsar da ka ɗauko daga irin wannan dusa da fasinjojinta take zuwa. Ka sauya dusar, sabuwar kuma ka ɗan gasa ta a kasko ta huce kafin ka zuba, tun da ranar shanya ta yi wuya yanzu, ko ka sa ta a firiza na 'yan kwanaki idan wuta ta tsaya. Ganye ko yankan dankalin da kake sa wa tsutsar kada ya kwana biyu a ciki.

Malamar Ilimin Halittu, Bukuru:

Baba ya gama magana a kan fumfuna. Amma da izinin ɗan'uwanmu na Kubwa, akwai wuri ɗaya da ban yarda da shi ba, kuma wurin yana da haɗari. Kunama tana da wani siririn maiƙo kamar kakin zuma a bayan ɓawonta da ke riƙe mata ruwa, shi ya sa jajayenka suka jure busasshen yashi. Shanshani ba shi da wannan kariya yadda ya kamata, ƙofofin numfashinsa kuma a buɗe suke, ruwa na fita ta nan dare da rana. Mako biyu a kan busasshiyar takarda babu ruwan sha zai zama gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ga shi kuma 'yan hayen da suka liƙe an yi su ne domin jure wahala, sun fi iyayensu juriyar bushewa, wataƙila sun fi shi kansa.

Zubar da ƙasar da wanke akwatin daidai ne. Amma sabuwar shimfiɗar, wadda ya kamata a gasa ta huce, a bar kashi biyu cikin uku nata a bushe, a zuba ruwa kaɗan a kusurwa ɗaya ya nutse ƙasa maimakon a fesa a sama, marfin ruwa kuma kada ya rabu da ruwa. Shi da kansa zai zaɓi inda ya dace da shi. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne iska: ramuka shida a murfi ba su isa ba, a huda jeri a bango biyu masu kallon juna, ƙasa-ƙasa kusa da shimfiɗa, ƙanana sosai, domin shanshani gwanin tserewa ne kuma ba na jin mutanen gida za su yafe maka.

Burushi kuma ban ba ka shawara ba. Kunama tana da wurin kamawa, shanshani ba shi da shi, yana lanƙwasowa ya hau hantsaki cikin ƙiftawar ido, cizonsa kuma yana da zafi ƙwarai, garin neman gira sai a rasa ido. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a yaudari 'yan hayen su sauka da kansu, tun da abinci suke nema: ka sa ɗan guntun mushen gyare a cikin ƙaramar roba mai ƙananan huda da shi ba zai iya shiga ba, ka ajiye kusa da maɓoyarsa da dare, da safe ka jefa ta cikin ruwan zafi ka sa wata.

Ƙin cin abincin na iya zama na rashin lafiya, yana kuma iya zama shirin saɓa, musamman idan launinsa ya dushe ya kuma daina fitowa. Idan saɓa ce, to ita ce babban maganinsa, domin tsohon ɓawo yana tafiya da tabon da ke kansa, ƙafar da ta gutsure kuma tana fitowa sabuwa, ko da yake takan zo ƙarama sai a saɓa ta gaba ta cika. A wannan lokaci kada ka bar masa gyare mai rai, zai iya gwaguyar jikinsa yana da taushi. A al'ada shanshani yakan cinye saɓarsa, amma wannan karon idan ka riske ta ka zare ta da hantsaki, kafin 'yan kaskan su sake hawa.

Ɗan Naraguta ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malama, Baba, da ɗan'uwa Mai Duwu. Yau kwana 23 da na bi shawarwarinku, ga abin da ya faru.

Baba ya yi gaskiya game da dusar. Da na ɗaga robar tsutsar na tarar da ƙurar nan har a kan teburin, na zubar da komai na soma sabon kiwo. Akwatin na yi masa ramuka a bango biyu da allura mai zafi, kuma tun daga ranar bai sake gumi ba. Na ƙirga ƙofofin kamar yadda Malama ta ce, akwai a gaɓa ta 7 da ta 8. Robar tarkon a daren farko ba ta kama komai ba, sai a na uku na ga farare sun cika ta, kuma na jikinsa sun ragu sosai a gefe, ko da yake na bayan kai suna nan daram.

Ƙafar da ta gajarce ta faɗi gaba ɗaya daga gindi, na tsince ta a kusa da marfin ruwa. Tabon ɗaya ƙafar da na ƙahon bai ƙaru ba a hotuna bakwai da na ɗauka. Ya ci gyare ɗaya a makon jiya, sannan kwana huɗu ke nan ya haƙa rami a kusurwar da ke da danshi ya toshe bakinsa, ban tone shi ba.

Tambayar da ta rage mini ta hunturu ce. Nan da Disamba iskar Jos za ta bushe har leɓe ya tsage, dare kuma ya yi sanyi sosai. Shin in toshe wasu daga cikin ramukan bangon idan lokacin ya zo, ko in bar su a buɗe in faɗaɗa kusurwar da nake jiƙawa?